Fenti Ba Ya Tsayar Da Babur

Jama'ar Turaki, yau maganar babur zan yi, kuma na san ba kowa zai ji daɗinta ba, musamman samarinmu da wasu daga cikin bakanikanmu. Sai dai a yi haƙuri. Gara a ji haushin mutum a takarda da a riƙa haɗuwa a sashen masu karaya na FMC ana yi wa juna sannu.

Kowa ya ga yadda tsofaffin babura suka sake fitowa. Jincheng ɗin da aka jingine a zaure shekara da shekaru, Boxer ɗin da ya gaji da acaba, tsohuwar Hondar da Baba ya bari, duk an kakkaɓe musu ƙura. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, naira kuma ta faɗi, kuɗin sabon Boxer ya haura miliyan ɗaya. Talaka mai gona da iyali ba shi da wannan. Wanda ya ce zai tayar da tsohon da yake da shi ya yi tunani mai kyau, ni ma ina bayansa. Rigimata da irin gyaran da ake yi ne.

Mu fara tuna inda babur ɗin nan zai yi aiki. Tun bayan hare-haren bam na 2012, zamanin marigayi Gwamna Danbaba Suntai, aka hana acaba a cikin Jalingo, Keke Napep ya karɓe gari. Gwamnatin Agbu Kefas ma ta sake jaddada hanin a farkon 2024. Wanda ya karya doka aka ƙwace masa mashin, shi ya jawo wa kansa, ba zan kare shi a nan ba. Abin da nake so a lura da shi, aikin babur ɗinmu ya koma wajen gari. Gona ce ta wajen Kona, sayen shinkafa ne ta hanyar Lau, neman doya ne a duwatsun Yorro ta Pantisawa, ko kasuwar shanu ta Iware. Duk wanda ke bin waɗannan wurare ya san tafiya ɗaya hanya uku ce ko huɗu. Za ka fara da kwalta, tirela na wuce ka da iska. Ka sauka kan burji mai tsakuwa. Ka faɗa yashi a bakin rafi. In damina ce kuma, ga laka mai kama taya kamar danƙo. Ko babbar hanyar Wukari ba ta da tabbas, tunda mun ga yadda gadar Namnai ta karye a watan Agustan 2024, matafiya suka koma tsallake ruwa a jirgi.

To, babur ɗin da zai sha wannan wahala, ina ya kamata kuɗin gyaransa ya tafi? Ku je ku tsaya a garejin da ake tayar da irin waɗannan babura ku gani da idonku. Za a fesa fenti mai walƙiya. Za a liƙa sitika har kan fitila. Za a saka hon irin na babbar mota, a zagaye inji da fitilu masu launi, wani har da sifika ta kiɗa a ƙarƙashin tanki. Sannan a fito da shi da tayar da ta suɗe kamar tafin hannu, da birkin da sai an taka har ƙasa kafin ya ji, da sarƙar da ke lilo tana dukan ƙarfe. An kashe kuɗi a inda ido ke gani da inda kunne ke ji, an bar inda rai yake. Wannan shi nake kira ɓarna, ko da mai babur ɗin ya fito yana murmushi.

Da abin ya tsaya a kwalliya da sauƙi. Akwai abubuwa huɗu da ake yi da sunan "ƙara ƙarfi" ko "gyaran daji" waɗanda lalata babur ne ƙarara.

Na farko, fasa salansa. Yaro zai sa a huda ta ko a zare cikinta, ya ji ƙara ta cika unguwa, ya ce mashin ya ƙara wuta. Haba! Ƙara daban, ƙarfi daban. Kamfani ya daidaita kafireto ne da salansar da kuma matatar iska, su ukun tare suke aiki. In ka taɓa ɗaya ba ka gyara sauran ba, sai iska ta rinjayi fetur, inji ya riƙa ɗaukar zafi, fulogi ya yi fari, a hankali bawul ya ƙone. Ka sayi ƙara da kuɗinka, ka biya da injinka. Ga kuma wata masifa: a halin tsaron da ake ciki, mutum ya shiga ƙauyen da ba a san shi ba bayan magariba, a kan babur mai rugugi, babu lamba, me yake so 'yan banga su ɗauke shi? Ana zaune ƙalau mutum ya sa a yi masa kallon ɓarawon shanu.

Na biyu, cire matatar iska, wadda bakanike ke ce wa iya kilina. Wai inji ya "numfasa". A 1975 kamfanin Honda na Japan ya fito da CG125, bayan injiniyoyinsa sun zaga ƙasashe masu tasowa sun ga yadda mutane ke labta wa babur kaya, ba sa kuma juye baƙin mai a kan lokaci. Suka ƙera inji mai sauƙi, mai jure sakaci, wanda babura da yawa na China da suka cika kasuwanninmu daga baya suka kwaikwaya. Mutanen nan sun yafe mana abubuwa da yawa, amma ba su yafe matatar iska ba. Sai ma suka yi ta da soso wanda za a wanke a mayar, don kada talaka ya ce ba shi da kuɗin sabuwa. Sun san ƙura ita ce ajalin inji. Mu da muke shan hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, muke bin bayan motocin doya a kan burji, mu ne za mu cire ta? Duk ƙurar da ta shiga tana gurzar fiston da ringi kamar an sa musu sanfefa. Bayan 'yan watanni sai hayaƙi, sai shan baƙin mai, sai a ce ai dama tsoho ne. Ƙarya ake yi wa tsufa.

Na uku, kuma shi ya fi ɗaga mini hankali, kashe birkin gaba. Wasu sun kwance kebur ɗin gaba ɗaya, wasu sun bar shi ya yi tsatsa. In ka tambaya sai a ce maka birkin gaba kayar da mutum yake yi. Gaskiyar da ke cikin wannan magana 'yar kaɗan ce: in ka damƙe shi da ƙarfi a cikin yashi ko a kan kwana, tabbas za ka sha ƙasa. Amma a kan kwalta, da zarar ka fara tsayawa nauyin babur da naka duk gaba suke komawa, tayar baya ta yi sakayau. Saboda haka mafi yawan tsayuwar daga gaba take zuwa. Wanda ya dogara da na baya kaɗai, ranar da akuya ko yaro ya faɗo masa a hanyar Sunkani, taya za ta ja ƙasa ne kawai, shi kuma yana tafiya. Maganin birkin da ke kayar da kai shi ne ka koyi matsa shi a hankali. Ka sami fili, ka gwada sau ashirin, hannu zai saba. Haka madubi. Wai cire shi ne gayu. Kana kan hanyar da tankar mai ke bi, ba ka san abin da ke bayanka ba sai ka waiga, wannan wane irin gayu ne?

Na huɗu na masu lodi ne, kuma su manya ne, ba yara ba. A kai babur wurin mai walda, a ƙara wa kariya tsawo ta wuce fitilar baya, a jera shokozoba huɗu a maimakon biyu, a ɗora buhu uku na masara a ce an yi dabara. Malam, aikin shokozoba shi ne ta shanye dukan rami. In ka ƙara ta har ta sandare, dukan bai ɓace ba, ya koma kan firam ne, da wayoyin wili, da ƙugunka. Shi ya sa ake ganin tsagewa daidai inda aka yi waldar. Kuma duk nauyin da ya zauna bayan tayar baya ɗaga gaba yake yi. A hawan dutse kan babur ya tashi sama, a yashi ya riƙa rawa, ka juya ya ƙi juyuwa. In lodi ne sana'arka, ka sayi shokozoba biyu masu ƙarfi na kirki, ka murɗa matakin da ke ƙasan sifirin ɗinsu zuwa inda ya dace da nauyi, ka matso da kaya gaba su zauna a kan taya. In sun fi ƙarfinsa ka yi sawu biyu. Man sawu na biyu bai kai kuɗin ɗori ba.

Kada a ce na yi ta suka ban kawo mafita ba. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi, kuma duk bakaniken da ya san aikinsa ba zai musa ba: a fara daga ƙasa a yi sama.

Taya tukuna. Mai santsi ta cikin gari ba ta riƙe laka, mai manyan ƙuraje irin ta tsere kuma tana zamewa a jiƙaƙƙiyar kwalta, tana saurin cinyewa. Ta tsakiya za ka nema, mai ƙuraje matsakaita da ke kusa da juna. Ka karanta lambar da ke jikin tsohuwar, irin su 2.75-17 ko 3.00-18. Lambar ƙarshe girman wili ce, ba a canza ta, kuma cusa taya mai faɗin da ya wuce kima sai ta riƙa gugar sarƙa ko madigadi. Tayoyi da yawa suna ɗauke da wasu lambobi huɗu a gefe, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ka duba, don kada a sayar maka da wadda ta bushe a shago. A yashi rage iska kaɗan yana taimakawa, amma in da kaya kuma ga duwatsu, iska ta yi ƙasa sai wili ya cije tib. Saboda haka ƙaramin famfo da kayan faci su zauna a jikin babur kullum. Kafin a mayar da taya a ƙwanƙwasa wayoyin wili ɗaya bayan ɗaya, a ɗaure masu sako-sako, a girgiza wilin a ji ko boris ya mutu.

Sai birki, gaba da baya. Sabon shu, sabon kebur, a wanke cikin kwanon a goge. In ka tsallake rafi, ka sani birkinka ya jiƙe, ba zai kama ba sai ka ɗan riƙa taɓa shi kana tafiya a hankali har ya bushe. In kuwa inji ya mutu a tsakiyar ruwa, kada ka buga kik. Ka tura shi waje, ka cire fulogi, ka fitar da ruwan. In baƙin mai ya koma kalar koko, ruwa ya shiga, a juye shi a ranar.

Sai sarƙa da sifoket. A nan ne ƙarfin da samari ke nema a salansa yake zaune. In ka ƙara haƙori biyu ko uku a sifoket na baya, babur zai fi jan kaya da hawan tudu, gudunsa a miƙaƙƙiyar kwalta ya ɗan ragu. Ga mai zuwa Yorro wannan ciniki ne mai riba. A canza sarƙa da sifoket biyun a tare, don tsohon haƙori cinye sabuwar sarƙa yake yi. A bar mata lilo kamar faɗin yatsu biyu, kada a ɗaure ta tamau, in ba haka ba ranar da babur ya faɗa rami da kaya za ta tsinke. Murfin sarƙar da kamfani ya sa, a bar shi a wurinsa. Sarƙar da ke buɗe, an shafa mata tsohon baƙin mai, yashi take tarawa tana niƙa kanta.

Daga nan a duba man shokozobar gaba, wanda a babura da yawa tun daga kamfani ba a taɓa canza shi ba, da boris ɗin wuya, da robobin da ke riƙe ƙafar baya. A ɗaga madigadin gaba kaɗan don laka ta sami wurin fita, in ba haka ba za ta cushe ta tsayar da taya cak. A sa faranti na ƙarfe a ƙarƙashin inji saboda duwatsu, wannan ita ce waldar da ke da amfani. A wanke soson iska da kananzir, a matse, a ɗan shafa masa mai, lokacin hunturu a riƙa yi a kai a kai. Baƙin mai a saya a rufe cikin robarsa, a bar na kwalba da ake aunawa a bakin titi, kuma mai bin ƙura ya riƙa juyewa da wuri fiye da mai bin kwalta. In inji na hayaƙi har sai an yi boring, a bi mataki: akwai fiston 0.25, akwai 0.50, da 0.75, da 1.00. Wanda ya tsallaka zuwa na ƙarshe tashi ɗaya wai don ƙarfi, ya cinye wa bulok ɗinsa sauran rayukan da suka rage masa. Sai fitilar gaba mai haske da ta birki mai kamawa, da hular kwano. In an gama duk wannan kuɗi ya yi saura, bismilla, a fesa fenti kowace kala ake so.

Na san amsoshin da za a ba ni, don na sha jin su a majalisa.

Za a ce babu kuɗi. Gaskiya ne, rayuwa ta yi tsada, taya mai kyau ba arha ba ce. Amma ku zauna ku haɗa kuɗin fenti, da sitika, da hon, da fitilun ado, da ladan mai huda salansa, ku ajiye su kusa da kuɗin shu da kebur da taya guda. Kowa ya yi wannan lissafi da kansa. Kuma ba dole ne a yi komai rana ɗaya ba. Wannan watan taya da birki, wata mai zuwa sarƙa. Abin da ba shi da uzuri shi ne a fara da ƙarshe. Manomin da ya karye a watan Yuni ya rasa damina guda, ga jinya, ga bashin taki, ga yara na jiran abinci. Wannan ita ce tsadar gaske.

Za a ce ajali in ya zo babu birkin da ke tare shi. Haka ne, babu mai musun wannan. Amma malamanmu a masallatan unguwar nan sun sha gaya mana tawakkali ba ya hana mutum ɗaure raƙuminsa. Kuma ba ranka kaɗai ke kan sirdin ba. Matarka kake ɗauka zuwa ƙauye, ɗanka ne a kan tanki, ga 'yar talla a gefen hanya wadda ba ta san ka kwance birki ba. In ka buge ta, da wane baki za ka ce ƙaddara?

Wasu kuma cewa suke a bar wahala, a sayar da tsohon a karɓi sabo na biya kaɗan-kaɗan. Wanda ke da hali ya yi. Amma mutumin da bai iya kula da tsoho ba, sabon ma cikin shekara zai mai da shi tsoho, ga bashi a wuya. Firam in bai tsage ba, bai lanƙwashe ba, sauran duk abin canzawa ne.

Kakanninmu da suka zo ƙasar Muri fatauci, kafin su ɗora wa jaki kaya kofatonsa suke dubawa, da bayansa, da igiyar da za ta riƙe mangala. Ado na dokin hawan salla ne. Babur ɗin gona jaki ne, a yi masa abin da ake yi wa jaki.

Bakanikanmu, ku ne a gaba a wannan magana. Yaro ya zo ya ce Oga a fasa mini salansa, kai ka san abin da zai biyo baya, ka karɓi kuɗi ka yi shiru don ka san zai dawo gyaran inji. Wannan ba sana'a ba ce, cin amana ne. Ka gaya masa gaskiya, in ya ƙi ya tafi wani wuri. Yaran da ke koyon aiki a hannunka abin da suka ga kana yi shi za su ɗauka. Masu sayar da kayan gyara, in abu jabu ne ku ce jabu ne, ku faɗi kuɗin mai kyau, mai saye ya zaɓa da saninsa. Shu na birki ba wurin cin ƙazamar riba ba ne. Wanda kuma zai sayi tsohon inji ya ɗora, ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin, ya san wanda ya sayar masa. Babura na sata suna yawo gunduwa-gunduwa, kuma ranar da aka tare ka a shinge aka ga lambar inji ba ta dace da takarda ba, "wallahi saya na yi" ba za ta fitar da kai ba.

Iyaye, ku ne kuke ba da kuɗin. In yaro ya ce Baba a ba ni na gyaran mashin, a tambaye shi me da me za a gyara. In ya dawo, a fito a matsa birkin gaba da hannu, a duba taya, a tayar a ji ƙarar. Ba sai ka iya kanikanci ba kafin ka gane babur ɗin da aka yi wa kwalliya aka bar shi da ciwo.

Ina kuma roƙon masu unguwanninmu na Turaki da shugabannin matasa su zauna da bakanikan da muke da su, a tsayar da rana ɗaya kafin ruwa ya sauka, a sami fili a wajen gari inda doka ba ta hana ba, duk mai babur na zuwa gona ya kawo a duba masa taya, birki, sarƙa da fitila, a gaya masa abin da ya fi gaggawa. Ba ya buƙatar gwamnati, ba ya buƙatar kwangila. Sifana ce, da famfo, da mutum biyu ko uku masu tsoron Allah. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya ba mu damina mai albarka.